Motar da Maltiti Ta Yanka

Shekara uku motar Mba Abukari ta yi a ajiye a tsakar gidansa da ke unguwar Kaladan a Tamale, ƙarƙashin dogonyaro, tun lokacin da yanar ido ta hana shi tuƙi. Tsohuwar mota ce fara mai ƙofa huɗu, tayoyinta biyu sun kwanta, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zuwa har suka gaji, domin duk wanda ya zo sai Mba Abukari ya ce masa ba ta sayarwa ba ce, ya raka shi bakin ƙofa. Bayan la'asar yakan buɗe ƙofar baya ya zauna a ciki da 'yar rediyonsa, mutanen gidan kuma suka bar abin a kan halin tsufa.

'Yarsa Maltiti ce ta fara yi wa motar wani kallo daban. Malamar walda ce a wata makarantar koyon sana'a, shekararta talatin da ɗaya, tana aure a Nyohini amma kusan kullum sai ta biyo ta gidan iyayenta a kan babur ɗinta. Abin da ke damunta gonar mahaifinta ce. Gonar shinkafa ce a wata fadama bayan Kumbungu, kuma da zarar ruwa ya sauka, mil huɗun ƙarshe na hanyar ba mai iya bi sai tarakta ko babur. Gwiwar Mba Abukari ta dama ta daina yarda da babur. Damina biyu ke nan bai taka gonar ba, sai dai a ba shi labarinta ta waya, kuma Maltiti tana ganin yadda fuskarsa ke komawa bayan ya kashe wayar.

A tata wayar ta fara ganin irin ƙananan motocin da mutane ke haɗawa da hannunsu a bayan gida. Ba su da bodi. Inji ne da tayoyi huɗu da kujeru biyu, sai keji na bututun ƙarfe da ke riƙe da komai. Saboda rashin nauyi ba sa nutsewa a laka, in ma sun maƙale mutum biyu sun isa su tura su fita. Kusan shekara guda ta yi tana zane a bayan littafin darasi, tana awo tana gogewa. Duk abin da take bukata yana jikin farar motar nan: inji, giya, sitiyari, birki, ƙafafun gaba da na baya. Matsalar ɗaya ce, mai motar ba zai yarda ba.

A watan Afrilu, daidai da hutun makaranta, aka ba Mba Abukari ranar aikin ido a Kumasi, inda zai zauna wajen ɗan ƙanwarsa na sati uku. Washegarin tafiyarsa Maltiti ta nuna wa mahaifiyarta zanen. Mma Adizatu ba ta gane komai a ciki ba, amma da ta ji cewa motar za ta bar tsakar gidan ta ce a yi, in ya dawo ita za ta tare shi da maganar. Dama ba ta taɓa son motar ba. Iri ɗaya ce da wadda babban ɗansu Abdul-Mumin ya yi hatsari da ita ya rasu a hanyar Yendi shekara goma sha huɗu da suka wuce, sai dai waccan shuɗiya ce. An ce musu an sayar da ragowar waccan ga masu tsohon ƙarfe. Wata shida bayan rasuwar Mba Abukari ya shigo da wannan farar, da ta yi ƙorafi ya ce irin wadda ya san kanta ke nan. Tun daga ranar ba ta taɓa zama a gaba ba, kullum a kujerar baya.

Kwana uku Maltiti ta yi tana kwance motar. Ta cire ƙofofi da bonet da murfin but, ta jingina su a bango. Ta fitar da kujeru, ta zare gilasai, ta zuba ko wane noti a cikin gwangwanin madara da ta manna wa takarda. Wayoyin lantarki ne suka fi ba ta wahala, sai da ta ɗaure kowacce da zare mai launi daban don kada ta rikice. Saura ɗaga inji, wanda ba aikin mutum ɗaya ba ne, don haka ta kira Efo Kodzo, tsohon makaniken da ke da gareji a Sakasaka, aminin mahaifinta tun kafin a haife ta. Ba ta faɗa masa aikin ba, ta ce dai ya zo da sarƙarsa ta ɗaga inji.

Da safen rana ta huɗu, tana jiransa, ta yaye kafet ɗin ƙasan motar. A ƙarƙashinsa akwai kwalta mai kauri da aka shafa daga wannan gefe zuwa wancan, daidai bayan inda kujerun gaba suke zama. Ta sa ƙarfe ta kankare. Abin da ya fito ɗinkin walda ne, dogo, mai tudu da kwari, wanda ba kamfanin da zai yi irinsa. Ta bi shi da yatsa. Ya ratsa ƙasan motar gaba ɗaya, ya hau ginshiƙin tsakiya na hagu, ya bi ta rufi, ya sauko ta na dama.

Ta zauna a kan dugaduganta tana kallo. Shekara tara tana koya wa ɗalibai walda, ta san abin da take gani. Wannan ba mota ɗaya ba ce, rabin mota biyu ne aka haɗa. Ta ɗauki sukuddireba ta danna a tsakiyar ɗinkin, ba da ƙarfi ba, sai ya huda ya wuce, garin tsatsa ya zuba ƙasa. Ta danna wani wurin, nan ma ya wuce. A cikin motar nan aka kai ta gidan miji. A cikinta mahaifinta ya ɗauko ta daga asibiti da jaririyarta ta kwana biyu, yana gudu a kan titi don kada hadari ya same su. Ta ajiye sukuddireban a ƙasa.

Tunanin farko da ya zo mata shi ne an cuci mahaifinta, wani ya sayar masa da mugun kaya. Don ta tabbatar, ta ɗauko samfefa ta goge fentin gaban ɗinkin. A ƙarƙashin fari akwai ruwan toka. Ta koma bayan ɗinkin ta goge faɗin tafin hannu. A nan shuɗi ya fito, mai duhu kamar na rini.

Tana tsugune a wurin Efo Kodzo ya shigo, sarƙa a kafaɗarsa. Mutumin kudu ne, shekara arba'in ya yi a Tamale amma har yanzu Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a bakinsa. Ya yi sallama, ya ɗago ido ya ga ƙofofin da ke jingine a bango, sai sarƙar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi a kan siminti.

"Maltiti, wa ya ce ka taɓa motan nan?" ya tambaya a hankali.

Ta ce mahaifiyarta ce ta ba ta izini, sannan ta nuna masa ɗinkin ta tambaye shi ko ya san wanda ya sayar wa mahaifinta wannan abu. Efo Kodzo bai kalli ɗinkin ba. Shuɗin yake kallo. Ya ce ta nemo tampol ta rufe wurin yanzun nan, kafin a fito daga ciki.

Bai rufe baki ba Mma Adizatu ta fito daga madafa da kofin koko da ƙosai a faranti, ta kawo wa baƙo. Ta gaishe shi, ta miƙa masa farantin, ya kasa karɓa. Ta bi idonsa da kallo har zuwa gefen motar. Daga nan ta sunkuya ta ajiye farantin a ƙasa a hankali, ta matsa kusa, ta ɗora yatsu biyu a kan shuɗin.

"Efo, motar wa ce wannan?"

Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce gaban na wata mota ce da aka buga ta baya, shi ya nemo ta a Kumasi, takardun ma nata ne. Bayan kuwa na motar Mumin ne. Ya ce da 'yan sanda suka saki motar, garejinsa aka jawo ta, kuma Abukari ya yi wata biyu yana zuwa kullum ya zauna kusa da ita ba ya cewa komai. Wata rana ya ce masa ba zai iya barin a narka ta ba, ya yi duk dabarar da zai yi ta koma titi. Efo Kodzo ya ce ya ƙi, ya faɗa masa haɗarin da ke ciki, amma Abukari ya ce in bai yi ba, zai kai wa wani da bai kai shi iyawa ba. Shi ya sa ya yi. Ya rantse cewa a lokacin ɗinkin yana da ƙarfi, kuma duk shekara yana duba shi, sai a 'yan shekarun nan da motar ta zauna ruwa na shiga.

Maltiti ta buɗe baki za ta yi masa maganar ɗinkin, ta ga mahaifiyarta ba ta saurare. Mma Adizatu ta juya tana kallon kujerar baya, wadda Maltiti ta jingina a gindin dogonyaro tun shekaranjiya. Baƙar leda ce a jikinta, irin ta masu ɗinkin kujeru. Mma Adizatu ta tambaya ko kujerar ma ta waccan motar ce. Efo Kodzo ya gyaɗa kai. Ta shiga ɗaki ta fito da reza, ta tsaga ledar daga sama har ƙasa, ta yaye.

Tsohon yadin yana nan a ciki, ruwan ƙasa mai ratsin fari. Maltiti ta tuna shi, a kansa take zama in yayanta ya kai ta makaranta. Daga tsakiyar kujerar zuwa gefen hagu akwai wani tabo mai faɗi, baƙi ƙirin, wanda ya bushe ya yi tauri kamar fata.

Wata kaza ta zo ta ɗauki ƙosai ɗaya daga farantin ta gudu, ba wanda ya kore ta.

"An ce mini a kan sitiyari ya cika," in ji Mma Adizatu. "An ce nan take, ko motsi bai yi ba. To wa ya kwanta a nan?"

Efo Kodzo ya ce shi ba ya wurin. Abin da ya sani kawai, Abukari ya hana shi wanke yadin ko canza shi, ya ce a rufe shi a yadda yake. Saura sai dai ta tambayi mijinta. Ya ɗauki sarƙarsa ya fita, ya manta hularsa a kan benci.

Maltiti ta ciro waya za ta kira Kumasi, mahaifiyarta ta riƙe hannunta. Ta tuna mata jiya aka yi wa mahaifinta aikin, likita ya ce kada ya sunkuya, kada ransa ya ɓaci. Mma Adizatu ta ce ita za ta jira. Kwana goma sha shida suka rage ya dawo, kuma a cikin kwanakin nan kullum in ya kira takan amsa, ta tambayi idon, ta ce gida lafiya, ta miƙa wa Maltiti wayar. Sau biyu Maltiti ta rufe motar da tampol, sau biyu ta dawo da safe ta tarar an yaye an ninke shi a gefe. Kujerar kuwa Mma Adizatu ta ja ta zuwa barandar ɗakinta, ta juya fuskarta ga bango.

Kwana uku Maltiti ba ta taɓa ƙarfe ba. A na huɗu ta ga zaman ya fi aikin wahala, ta koma. Mijinta da wani maƙwabci suka taimaka mata aka ɗaga injin da giyarsa aka ɗora a kan katako. Ta zana siffar ƙasan sabuwar motar da alli a kan siminti, ta yanka bututu, ta fara ɗinkewa. Hankalinta ba ya jikinta, ta yi waldar gefe ɗaya gaba ɗaya ba ta bari ya huce ba, zafi ya ja ƙarfen ya karkace da kusan faɗin yatsa biyu. Kuskuren da take yi wa 'yan aji ɗaya faɗa a kansa ke nan. Ta yanke ta sake, wannan karon ɗigo a nan ɗigo a can, tana auna kusurwa da kusurwa. Ƙafafun baya na shuɗiyar motar lafiyarsu ƙalau, amma ta kasa sa musu sifana. Ta hau babur ta yi yawon wuraren masu tsohon ƙarfe kwana biyu har ta samo wasu.

Ranar Laraba da hantsi Mba Abukari ya dawo. Yelo-yelo, 'yar motar haya mai ƙafa uku, ce ta sauke shi a ƙofar gida, baƙin tabarau a fuskarsa, yana ta magana tun daga waje. Yana cewa duk allunan shagunan Sakasaka ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ashe an yi sabbin gine-gine haka shi bai sani ba. Ya shigo yana dariya, jakarsa a hannu.

Dariyar ta tsaya. A gabansa akwai kejin bututu da inji a ciki, ƙofofi a jingine, da gangar jikin motarsa a kan bulo, ba taya ba gilashi. A kwanakin da suka wuce Mma Adizatu ta ɗauki samfefar da kanta ta ci gaba da gogewa, yanzu duk gefen baya na hagu shuɗi ne. Ya cire tabaran, abin da likita ya hana, ya kalla da sabon idonsa. Jakar ta sauka ƙasa. Maltiti ta yi sauri ta tura masa benci ya zauna.

"Mba, ni na yanka," ta ce. "Don ka samu zuwa gona na yi. Ban sani ba."

Bai ko kalle ta ba. Mma Adizatu ta fito, ba ta yi masa sannu da hanya ba. Ta jawo kujerar daga baranda ta juyo da ita a gabansa, ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Baban Mumin, faɗa mini."

Maltiti ta manta rabon da ta ji an kira mahaifinta da wannan suna. Ya daɗe yana kallon tabon kafin ya fara, kuma da ya fara muryarsa ba ta tashi ba ta faɗi, kamar mai karanta wasiƙar wani. Ya ce wani direba da ya gane motar ne ya kira shi. Ya hau babur cikin ruwan sama, rabin awa ya isa. Tifar yashi ce ta lalace a kan kwana, ba alama, Mumin ya shige ƙarƙashinta. Mutanen ƙauyen sun riga sun zaro shi, kuma saboda ruwan suka kwantar da shi a kujerar baya, nan ne kawai rufin bai lotsa ba. Yana da rai. Ya gane mahaifinsa. Abukari ya shiga ya ɗora kansa a cinyarsa, mutane suka tsaya a titi suna tsayar da mota. Biyu suka wuce ba su tsaya ba. Kafin ta uku ta zo an kusa awa guda, kuma ba a bukatarta.

Mma Adizatu ta tambaya ko ya sha wahala. Ya ce da farko ya sha, daga baya Mumin ya ce ba ya jin komai sai sanyi, shi kuma ya cire rigarsa ya lulluɓa masa. Ta tambaya ko ya yi magana. Ya ce ya nemi ruwa, aka tara na sama a hula aka ba shi. Ya ba da haƙuri a kan motar. Sannan ya ce a faɗa wa Mma doyar da ta aike shi karɓowa wajen ƙanwarta tana cikin but, ba abin da ya same ta.

Mma Adizatu ta sa hannu biyu ta toshe bakinta. Da ta sauke su, tambaya ɗaya ta rage mata.

"Ya yi kalmar shahada?"

"Sau uku. Ina faɗa yana maimaitawa. Na ukun shi ya fara da kansa."

Ta yi wani sauti da Maltiti ba ta taɓa ji daga bakin mutum ba, ba kuka ba ne, ba kuma magana ba. Maltiti ta durƙusa ta riƙe kafaɗunta. Mba Abukari ya ci gaba, yanzu da sauri. Ya ce ranar da ya shigo da labarin ta suma sau biyu, jininta ya hau, matan da ke riƙe da ita suka tambaye shi yadda abin ya faru, bakinsa ya ce nan take ne. Ya ga kamar ya fi sauƙi. Ya ji tsoron in ta ji maganar doyar za ta ɗora wa kanta laifi. Ya yi niyyar faɗa mata bayan sadakar arba'in, sai bayan shekara, daga nan ya kasa gane ta inda zai fara.

"Shekara goma sha huɗu," ta ce. "Duk sallar da na yi sai na roƙa masa gafara, ina tunanin ya tafi ba shiri, shi kaɗai a titi cikin baƙin mutane. Kai kana da amsar a bakinka. Kana ɗora ni a kan jininsa kana kai ni kasuwa."

Ya ce, "Adiza, ki yafe mini." Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule.

Maltiti ta rage da mahaifinta a tsakar gida. Tana da nata faɗan, wanda ta yi kwanaki tana shiryawa. Ta ɗauko sukuddireba ta kama hannunsa ta kai shi wajen ɗinkin, ta huda a gabansa, wuri ɗaya, biyu, uku. Ta ce a cikin wannan ya ɗauko jikarsa tana da kwana biyu a duniya. Ya sunkuya, ita kuma ta tuna maganar likita ta ɗago shi. Ya sa yatsa a cikin hudar, ya ciro, ya kalli tsatsar da ta manne masa. Fuskarsa ta nuna mata cewa wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba, ko sau ɗaya. Duk tunaninsa yana kan kujerar baya. Sauran maganar da ta shirya ta bar ta a cikinta, ta mayar masa da tabaransa.

Kwana tara Mma Adizatu tana dafa abinci ta ajiye masa a ƙofar ɗaki ba ta ce masa uffan. Maƙwabta suka zo duba ido, suka ga ƙwarangwal ɗin mota a tsakar gida, suka yi ta tambaya, Maltiti ta ce musu ta gona ce. A rana ta goma Mma Adizatu ta zauna da almakashi ta yanke tsohon yadin daga jikin kujerar har da soson da ke ƙarƙashinsa, ta naɗe a cikin farin ƙyalle, ta kai masa. Ta ce wannan ba abin ajiyewa a gida ba ne, ya kai maƙabarta ya binne kusa da mai shi. Ya je bayan azahar shi da limamin unguwa. Da ya dawo, da kansa ya kira mai sayen tsohon ƙarfe, amma lokacin da aka zo da motokin, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, aka raba gangar jikin biyu ana lodin shuɗin rabin, ya tafi masallaci bai dawo ba sai da suka tafi.

Hutu ya ƙare, aikin ya koma na Asabar da Lahadi. Efo Kodzo ya dawo ɗaukar hularsa, ya tsaya yana kallon yadda Maltiti ta ɗaura sitiyarin, ya ce ya yi ƙasa da yawa, gwiwar Abukari ba za ta shiga ba. Ta so ta ce masa ba ta nemi shawararsa ba, amma da ta auna ta ga gaskiyarsa. Shi ya ja mata layin birki, ita kuma ta hana shi taɓa injin walda, bai kuwa nema ba. A farkon Yuni injin ya tashi. Ba salansa a lokacin, ƙarar ta watsa kajin gidan har kan katanga.

Tunda motar ba ta da lamba, a bayan wata babbar motar kaya aka kai ta Kumbungu, daga nan Maltiti ta karɓi tuƙi, mahaifinta a gefe ya riƙe bututu da hannu biyu. An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Ta shiga laka ta farko da fargaba, motar ta ratsa ta fita kamar ba komai, taɓo ya wanke su har wuya domin ba ta yi wa tayoyin murfi ba. A rafi na biyu ta maƙale, wasu mata biyu masu ɗauke da itace suka ajiye kayansu suka tura ta fita, suna tambaya ko an gama haɗa ta ko da saura. Da suka isa fadama Mba Abukari ya sauka ya taka har bakin gonar, ya tsaya yana kallon inda aka yi masa noma ba daidai ba damina biyu. Ya fara faɗa da mai kula da gonar tun kafin ya gaishe shi.

Mma Adizatu ba ta shiga motar ba, ta ce ba ta ga ƙofar da za ta rufe ba. Abin da ta nema daban ne. Wata Asabar ta ce wa mijinta ya kai ta wurin da abin ya faru. Suka shiga motar haya ta Yendi su biyu, suka sauka a kan kwanar. A ƙauyen suka samu wata tsohuwa da ta tuna ranar, wadda mijinta ne ya tara ruwa a hula, kuma Mma Adizatu ta zauna da ita har azahar tana sa ta maimaita abin da ta gani. Sun dawo da la'asar, takalmansu duk jar laka. Maltiti tana tsakar gida tana lanƙwasa fallen ƙarfe za ta yi wa tayoyin murfi. Mahaifiyarta ta wuce madafa, daga can ta ɗaga murya ta tambayi mijinta ko miyar ayoyo zai sha ko ta kuɓewa. Ya ce duk wadda ta samu. Ta ce ba haka ta tambaye shi ba, ya ce to ta kuɓewa.